Sarkin Ruwa da Masunta: Tarihin Ceton Rai a Gulaben Tambuwal da Kebbe

Ƙasar Tambuwal da Kebbe, wadda take kudu maso yammacin Jihar Sakkwato, tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma duk da haka rayuwar ƙauyukanta da yawa a ɗaure take da ruwa, domin Gulbin Zamfara ya ratsa ta a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega, fadamar Gulbin Sakkwato, wanda Kabawa ke kira Gulbin Kabi, tana yamma da ita ta wajen Sanyinna, ga kuma tafkuna irin na Romo da ƙoramu masu cika da damina. Da rani gulbin yakan janye ya bar rairayi da gurabe masu zurfi nan da can, har yaro ya iya tsallake shi da ƙafa, amma daga watan Yuli zuwa Satumba yakan cika ya batse, ya raba manomi da gonarsa, ya raba ƙauye da kasuwarsa, ta yadda babu hanyar wucewa sai ta kwale-kwale. Tun da yake duk inda ake tsallaka ruwa ba a rasa ranar da ruwa zai ci wani, mutanen wannan ƙasa sun daɗe da tsarin neman wanda ya nutse da ceto shi, tsarin da ya girmi kowace hukumar gwamnati da ke ɗauke da sunan wannan aiki a yau.

Fahimtar wannan tsari tana buƙatar a san kalmomin da masu shi suke amfani da su. Su shi ne kamun kifi, musamman wanda ake yi a taru a shiga ruwa gaba ɗaya, masu yin sa a matsayin sana'ar gado kuwa su ne masunta. Fito shi ne tsallakar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan, masu yin sa su ne 'yan fito, ladan da ake biyan su kuma kuɗin fito. Sarkin Ruwa shi ne shugaban da hakimi ko uban ƙasa yake naɗawa daga gidan da ya gaji sarautar, domin ya kula da duk abin da ya shafi gulbi ko tafki a yankinsa. Kalmar sa-kai, wadda a 'yan shekarun nan rikicin 'yan bindiga ya taƙaita ma'anarta ga masu ɗaukar makami don tsare ƙauyuka, asalinta tana nufin mutum ya jefa kansa cikin aikin jama'a ba tare da an tilasta shi ko an yi masa alkawarin lada ba. Da wannan tsohuwar ma'ana, masuntan da ke faɗawa ruwa idan jirgi ya kife suna cikin 'yan sa-kai mafi daɗewa a ƙasar Hausa.

Saiwar wannan sana'a ta miƙe zuwa Kogin Kwara, inda al'ummar Sorko, masunta kuma matuƙa jiragen ruwa na ƙasar Songhai, suka riƙe kogin tun ƙarnuka masu yawa, suna farautar dorina da kada da ayu, suna kuma ɗaukar dakarun sarakunan Gao a jiragensu a ƙarƙashin wani babban jami'i mai laƙabin Hi-koi, wato shugaban jiragen ruwa. Lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ikon Askiya Muhammadu wajen shekarar 1516, ya kafa daular Kabi mai cin gashin kanta da babban birninta a Surame, ƙarfinsa ya dogara ƙwarai a kan fadamar gulbi da mutanen da suka san ta, har labaran gargajiya suna ambaton wani babban jirginsa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake shiga idan ruwa ya cika. Daga cuɗanyar Sorko da Kabawa ne aka sami masuntan da ake kira Sarkawa, masu magana da Hausa, waɗanda suka bazu daga Argungu zuwa Yawuri, suka gangara Kwara, suka haura Binuwai, suna ɗauke da kayan sunsu da sarautunsu. Ƙasar da Tambuwal da Kebbe suke a yau tana gefen wannan tsohuwar daula, al'adun ruwanta kuma reshe ne na al'adun Kabi.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauya masu mulkin ƙasar, amma bai rushe sarautun sana'a ba. Bayan faɗuwar Birnin Kabi a 1805, da kuma tayar da kayar bayan da Yakubu Nabame ya yi daga Argungu a 1849, kwarin gulbi ya zama iyaka tsakanin Kabawa da Daular Usmaniyya, garuruwa irin su Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, da Sanyinna suka zama ribaɗi, wato garuruwan tsaron kan iyaka. A irin wannan zama, wanda ya san mashigin ruwa, ya san inda doki zai iya ratsawa da inda zai nutse, yana da daraja a idon masu mulki daidai da ta maƙeri mai ƙera mashi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya isa bakin Kwara daura da garin Sayi a watan Yunin 1853, bai tsallaka ba sai da aka nemi jami'in da ke kula da mashigin, wanda ya ambata da sunansa na Hausa, Sarkin Jirgi. Wannan ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawan mulki, tsallaka ruwa a wannan sashe na Afirka abu ne mai shugaba, mai ƙa'ida, mai wanda za a tuhuma idan aka yi asara.

Sarautar Sarkin Ruwa ta tsaya ne a kan abubuwa uku da ba a raba su. Na farko shi ne sanin ruwa, wanda ake koyo tun ana yaro a bayan uba: inda gurbi yake, inda ruwa ke juyawa ya ja abu ƙasa, inda tsohon kututture ya kwanta a ƙarƙashi, irin launin da gulbi ke yi idan an sha ruwan sama a can sama kuma cikowa tana tafe, da irin iskar da ke gabatar hadari. Na biyu shi ne ikon hanawa, domin shi ke buɗe su, shi ke rufe shi har kifi ya hayayyafa, shi ke cewa yau ba a fito saboda ruwa ya yi ƙarfi, kuma idan ya hana, ɗan fiton da ya saɓa yana fuskantar tara ko kora daga mashigi, da goyon bayan hakimi. Na uku shi ne alhakin ceto, wanda yake tamkar zakkar sana'ar: wanda yake ci daga gulbi, shi ake kira idan gulbi ya ci wani, ba ya kuma tambayar ko ɗan wane ne ko daga wane gari ya fito. Hikimar tsarin ita ce mutumin da zai sha wahalar nutso idan jirgi ya kife shi ne kuma mai ikon hana jirgin tashi tun farko, don haka yana da dalilin tsanantawa wanda ya fi na kowa ƙarfi.

Kayan aikin ceto su ne kayan su na yau da kullum, kuma babu wanda ya kai gora muhimmanci a cikinsu. Goran masunci babban duma ne da aka fafe aka buɗe masa baki a sama, masunci yakan kifa cikinsa a kai, ya rufe bakin da ƙirjinsa, ya riƙa tuƙi da hannuwa da ƙafafu, homarsa, wato ragar hannu mai baka biyu, tana gefensa, kifin da ya kama kuma yana jefa shi a cikin goran. Idan kururuwa ta tashi daga mashigi cewa jirgi ya kife, wannan goran ne ake fara jefawa ruwa, domin yana iya riƙe mutum biyu ko uku idan suka rungume shi, yana kuma bai wa mai ceto wurin hutawa a tsakiyar igiyar ruwa. Ƙa'idar da kowane ɗan masunta ya sani ita ce ba a tunkarar mai nutsewa ta gaba, saboda Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama, kuma idan ya cafki wuyan mai cetonsa sai su tafi ƙasa tare. Ana zagayawa ne ta bayansa a kama shi ta gashi ko ta wuyan riga ko ta ƙarƙashin hammata, a ɗaga fuskarsa sama, a bi ruwa a karkace zuwa gaɓa maimakon a yi jayayya da shi. Waɗanda ke cikin kwale-kwale kuwa sukan miƙa doguwar sandar tuƙi ko su jefa igiya, ba su yarda mutane da yawa su kama gefe ɗaya na jirgin ba, don kada shi ma ya bi sahun na farko.

Idan lokacin ceto ya wuce, sai aikin nema ya fara, shi ne kuma mafi tsawo da ɗaci. Sarkin Ruwa yakan tsaya a inda abin ya faru ya tambayi waɗanda suka tsira daidai wurin da jirgin ya juya, ya dubi ƙarfin ruwa, sannan ya rarraba mutanensa: gwanayen nutso su shiga gurabe suna lalube da hannu da ƙafa, tun da ruwan damina ja ne wanda ido ba ya gani a cikinsa, wasu su ja mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa, a ƙasan ruwa ko za ta kama tufafi, wasu kuma su gangara su shimfiɗa taru, babbar ragar da ake ja da mutane da yawa, a inda gulbi ya ƙuntace. Ana aika saƙo ga sarakunan ruwan ƙauyukan da ke gangare, a da ta bakin ɗan aike, yanzu ta wayar hannu, su sa ido a kan lanƙwasar gulbi da cikin ciyayi da rassan da ruwa ya kwantar. Masunta sun san cewa a ruwa mai ɗumi gawa takan taso da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku, don haka sukan kwana a gaɓa suna jira, dangin mamaci na zaune a bayansu, mutanen gari na kawo musu fura da tuwo. Gawar da aka samu bayan ta jima a ruwa akan yi mata sutura da gaggawa, wani lokaci a binne ta kusa da inda aka tsamo ta.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala a kan wanda an riga an san ya rasu yana cikin addini da shari'a. Wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙin mamaci ne a kan al'umma, kuma farilla ce ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Bayan haka, a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Sakkwato, hukuncin gama-gari na mutumin da ya ɓace ba a san ko yana raye ba shi ne matarsa ta jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara ga alƙali kafin ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai bayan lokaci mai tsawo, don haka ganin gawa yana yanke shakka, ya buɗe wa iyali hanyar takaba da rabon gado. Game da ceton mai rai kuwa, malamai sun halatta a yanke salla ko a karya azumi domin a tsamo wanda ke nutsewa, littafin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malaman wannan ƙasa, ya ma ɗora lamuni a kan wanda ya ga rai ko dukiya za ta halaka, yana da ikon kuɓutar da ita, amma ya ƙyale. Ta haka al'adar Kabawa da fiƙihun malaman jihadi suka haɗu a kan matsaya ɗaya.

Akwai kuma ɓangaren asiri da ba a iya cire shi daga tarihin sana'ar. Jama'a sun daɗe da yarda cewa Sarkin Ruwa yana da alaƙa da iskokin ruwa, yana iya sa kada ya kauce a ranar su, yana kuma cire ƙayar kifin da ta maƙale a maƙogwaro, kuma masunta suna da magunguna da addu'o'in da suke gada ba su faɗa wa bare. Malamai sun yi wa'azi a kan abin da ya saɓa wa tauhidi daga cikin waɗannan al'adu, da yawa daga ciki kuma sun gushe ko sun rikiɗe zuwa addu'a da sadaka. Abin lura ga mai nazarin tarihi shi ne aikin da wannan imani ya yi a zamaninsa, domin shi ya sa maganar Sarkin Ruwa ta yi nauyi, shi ya hana yara zuwa gurbin da aka ce yana da mai shi, wanda sau da yawa shi ne gurbi mafi zurfi da haɗari. Da tsoron ya ragu, ba a sami wata doka mai ƙarfinsa da ta maye gurbinsa a bakin ruwa ba.

Makarantar da ake koyon wannan gwaninta ita ce su na taron dangi da wasannin da ke tare da shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama domin tabbatar da zumunci bayan tsohuwar gaba, shi ne mafi shahara, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gadon bil'adama a 2016. Wasannin da ake kira kabanci a wannan biki, irin su tseren kwale-kwale, gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa, kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa, idan aka dube su da kyau gwaji ne na duk abin da mai ceto yake buƙata: dogon numfashi, saurin tuƙi, da iya lalube a ruwan da ba a gani. Tafkin Romo a ƙasar Tambuwal shi ma an san shi da nasa bikin su, kuma a irin waɗannan taruka ne dattawan sana'a suke gane yaron da za a iya dogara da shi ranar da abu ya ɓaci.

Ƙarni na ashirin ya warware igiyar da ta ɗaure waɗancan abubuwa uku, wato sanin ruwa da ikon hanawa da alhakin ceto, wuri guda. Turawan Ingila, bayan sun ci Sakkwato a 1903, sun bar sarautun gargajiya a ƙarƙashin hukumar En'e, don haka Sarkin Ruwa ya ci gaba da samun goyon bayan hakimi da dogarai, amma bayan da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sai ya wayi gari da rawani ba tare da ikon hukunta kowa ba. Ruwan kansa ya sauya hali, domin madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, da ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarun 1980, sun sa cikowa da janyewar ruwa a fadamar ƙasa sun koma bin buɗe ƙofa da rufe ta, kamar yadda aka gani a ambaliyar watan Satumban 2010, ƙananan madatsu irin ta Shagari kuma sun haifar da manyan tafkuna a inda mutanen wurin ba su gaji iyo ba. Manyan itatuwan maɗaci da ake sassaƙa jirgi daga gungumensu sun yi ƙaranci, aka koma jiragen katako da ake haɗawa da ƙusa ana toshe tsagarsu da tsumma da kwalta, aka kuma ɗaura musu inji. Fito ya zama sana'ar duk wanda ya iya sayen jirgi, ko ya gaji ruwa ko bai gada ba.

Sakamakon haka yana bayyana a kowane mashigi ranar kasuwa cikin watan Agusta. Jirgin da aka yi domin mutum ashirin yakan ɗauki ninkin haka, a ɗora buhunan hatsi a tsakiya, a jingina babura biyu ko uku a kansu, a ɗaure awaki a ƙarƙashin ƙafafun mata masu goyo, har ya zama tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tsawon tafin hannu ba, wani yaro kuma yana tsugune yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa da ƙwarya. Kowa yana gaggawa kada kasuwa ta watse ko dare ya yi, ɗan fito yana lissafin kuɗin mai, ba kuma mai son a ce shi ne zai jira zuwa na biyu. A irin wannan lodi, kututture ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ko iska ta taso, ko akuya ta zabura mutane su karkata gefe guda, ya isa ya juya jirgin. Matsalar tsaro ta ƙara wa abin nauyi, domin inda hanyar mota ta zama abin tsoro, ko aka kawo hari da dare, mutane sukan ruga ruwa a lokacin da babu masuncin da zai yarda ya tuƙa da son ransa.

Shekarun baya-bayan nan sun cika da misalai daga yankunan da ke kusa da Tambuwal da Kebbe da ma na nesa da su. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya tarwatse a Kwara da mutane fiye da 100, aka tsamo gawawwaki fiye da 70. A watan Afrilun 2022 mutum 29, galibinsu yara da matasa, suka rasu a ƙauyen Gidan Magana na Ƙaramar Hukumar Shagari, wadda ke iyaka da Tambuwal, sannan a watan Mayun 2023 aƙalla yara 15 na ƙauyen Dandeji, a ƙaramar hukumar dai, suka nutse a kan hanyarsu ta zuwa yin itace. A watan Satumban 2024 jirgin manoma ya kife a Gummi, maƙwabciyar Kebbe ta gabas, inda rahotanni suka ce mamatan sun haura 40, a watan Agustan 2025 kuma wani jirgin mai mutane fiye da 50 ya kife a kan hanyar kasuwar Goronyo. A duk waɗannan masifu, labaran da suka fito sun yi tarayya a jimla guda, cewa masu ninƙaya na yankin ne suka shiga ruwa suka tsamo waɗanda aka tsamo, ba a kuma cika ambaton sunayensu ba.

Gwamnati tana da hukumomin da doka ta ɗora wa wannan nauyi. An kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, a 1997 da hedikwata a Lakwaja, aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, a 1999, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin agaji, akwai kuma ƙa'idojin da suka hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, suka wajabta sa rigar kariya, wato rigar da ke hana mai ita nutsewa ko da bai iya iyo ba. Sai dai ceton mai nutsewa abu ne na mintuna, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu numfashi, alhali tawagar da za ta taso daga birnin Sakkwato zuwa wani mashigi a ƙasar Kuchi ko Girkau da damina tana buƙatar sa'o'i. Duk ƙoƙarin da jami'an suka yi, abin da za su tarar shi ne aikin nema da rabon kayan jaje. Ikon doka ya koma birni, sanin ruwa ya tsaya a gaɓa, alhakin ceto kuma ya ci gaba da zama a wuyan masunta ba tare da ikon da ke tafe da shi a da ba.

Ƙasashen da suka yi suna a wannan fanni sun fara ne daga inda Tambuwal da Kebbe suke. Ƙungiyar jiragen ceto ta Birtaniya, RNLI, wadda Sir William Hillary ya assasa a 1824 bayan ya sha ganin jirage na farfashewa a gaɓar tsibirin da yake zaune, ta dogara tun farko a kan masuntan ƙauyukan bakin teku, har yau kuma mafi yawan matuƙanta 'yan sa-kai ne, kuɗinta daga gudummawar jama'a yake fitowa, tana da tashoshi fiye da 200, ta kuma ceci rayuka fiye da 140,000. A Afirka ta Kudu, nutsewar masunta 17 a Stilbaai a 1966 ce ta sa aka kafa ƙungiyar ceto ta NSRI a 1967 bisa wannan tsari. Abin da waɗannan ƙungiyoyi suka ƙara a kan jarumtar masunta shi ne jirgin da aka ajiye domin ceto kaɗai, horo mai maimaituwa, rajistar waɗanda za a kira, da asusun kula da iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin yaƙi da wannan nau'in mutuwa.

Gaskiya ta wajabta a faɗi raunin tsarin gargajiya kamar yadda aka faɗi ƙarfinsa. Tsohuwar dabarar kifa wanda aka tsamo ana danna masa ciki domin ya amayar da ruwa tana cinye mintunan da ya kamata a yi amfani da su wajen hura masa numfashi da danna ƙirji, wanda shi ne abin da likitoci suka tabbatar yana dawo da rai. Gwanayen nutso suna shiga ruwa ba igiya a ƙugu, ba fitila, ba wanda zai ɗauki nauyin 'ya'yansu idan ba su fito ba, Hausawa kuma sun ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Ilimin yana kan harshen dattawa, 'ya'yansu da yawa kuma sun bar su sun koma acaɓa ko ci-rani saboda kifi ya ragu. Mata da 'yan mata, waɗanda su suka fi yawa a cikin mamatan jiragen zuwa itace da na zuwa biki, su ne kuma aka fi barin su ba a koya musu iyo ba.

Duk da haka, tubalan gina abin da ake buƙata suna nan a ƙasa. Al'adar gayya, inda gari ke taruwa ya yi wa mutum ɗaya aiki ba lada, ba ta mutu ba, ƙungiyoyin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala suna da matasa masu horon taimakon farko a garuruwan yankin, sarautar Sarkin Ruwa kuma har yanzu hakimai suna naɗa ta. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da gwamnatin jiha, da masu hannu da shuni na yankin su haɗa waɗannan a kowane babban mashigi: a rubuta sunayen gwanayen ruwa, a koya musu farfaɗo da numfashi tare da 'yan agaji, a ajiye jirgi ɗaya mai inji da igiyoyi da rigunan kariya a hannun Sarkin Ruwa, a mayar masa da ikon hana jirgi tashi idan lodi ya wuce kima, da hukuma a bayansa, a kuma yi wa iyalin mai ceto tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka rani, lokacin da gulbi ya kwanta, shi ne lokacin wannan shiri. Masuntan Gulbin Zamfara sun riƙe nasu ɓangaren alkawarin shekaru aru-aru ba tare da an biya su ba, kuma haƙƙinsu ne a kan al'umma kada damina mai zuwa ta same su da gora da mamari kaɗai.